Taswira a Kan Buhun Zoɓo

A bayan gidanmu, gabas da Gagarawa,
akwai wani suri.
A kansa kaɗai waya ke samun sanda uku.
Nan ne ofishina.
Nan nake tsayawa da hantsi, hannu a sama kamar mai rantsuwa,
ina jiran saƙon wata mata daga Meziko
mai son tan biyu na zoɓo, ja wur, marar tsakuwa.

Ran Laraba ciniki ya kusa faɗawa, caji ya ƙare.
Kafin Haladu ya lallashi janaretonsa ya tashi
wani ɗan Sudan ya riga ni.
Ban ci tuwon dare ba.
Na shimfiɗa taswira a kan buhu,
na danne bakinta da tiya da takalmina,
na ce: to, duniya, zo mu yi ciniki.

Kigali, in ji Mudi da ya je kwas,
titi kamar an lashe, takardar kamfani ba ta kwana.
Amma wa zai kira ni Ɗanlami a can?
Alƙahira akwai asibitin da zai duba gwiwar Inna,
kiran salla ta kowane lungu,
sai dai Larabcina na allo ne, ba ya taya tumatir.
Dubai na lissafa hayar ɗaki guda,
kafin shekara ta cinye gonar Baffa Lawandi har da kukar tsakiyarta.
Na rufe ta da babban yatsa.
Malesiya ta yi mini kyau a hoto,
amma in rana ta fito mini, masu saye suna minshari.
Santambul, sanyi.

Akara ta daɗe a ƙarƙashin fitilata.
Teku a bakin ƙofa, kwantena na hawa jirgi ina kallo,
a zango kuma in na ce sannu, a ce yauwa.

Tambayoyin ba su da kunya:
izinin zama na wata nawa?
Wane banki dala za ta bi ba ta rame a hanya ba?
In zazzaɓi ya kayar da ni, wa zai dama mini kunu?
In ta Allah ta kasance, wa ya san inda gabas take?

Inna tana gefe tana tsince ƙwallo daga faifai.
Ba ta ce kowa ya bar gida ba,
ta san na san ƙarashen.
Cewa ta yi:
"A can ɗin, wa zai tura hannu cikin buhu
ya ji ko da sauran danshi?
Wayar taka tana jin warin fumfuna?"

Sai na tuna hannuwan Tasalla da Ladingo,
da na Barira mai goyon tagwaye,
yadda kaka ke rina su har wuyan hannu,
ja irin wanda sabulu ya haƙura da shi.
Shagona a iska yake, na sha faɗa wa mutane.
Ashe saiwarsa tana cikin farcensu.

Duk da haka na cike fom ɗin.
Kada a yi mini shaidar da ban kai ba:
na gaji da roƙon suri.
Wata bakwai a bakin teku, in dawo in yakuwa ta buɗe ido,
haka na tsara, in Mai tsarawa ya yarda.
A layin da suka ce adireshi na dindindin
na daɗe ina kallon akwatin,
sannan na rubuta sunan ƙauyenmu,
wanda taswirar ma ba ta san da shi ba.

Na danna aikawa. Abin ya yi ta juyi,
yana juyi,
kamar akuya a turke.

Na ɗauki tocila na fita.
Garar da ta gina wannan tudu
ba ta san ƙofar duniya take gina mini ba,
kuma ko kwabo ba ta taɓa karɓa na haya ba.
Na hau, na ɗaga hannu.
Sanda ɗaya. Biyu.
Daga cikin gida Inna na tambaya
ko a ɗumama mini tuwon.