Muryar da ke Bakin Eufemia

Bara war haka guguwar teku ta cinye garinmu a Samar,
ta bar mana ginshiƙan coci da tukunya ɗaya a saman kwakwa.
Ta tafi da Bienvenido, mijin ƙanwata,
shi da kwalekwalensa da bashin da ake binsa a kasuwa.

Daren wata Laraba Eufemia ta miƙe daga tabarma,
ta buɗe baki, muryar namiji ta fito, kakkaura.
"Wa ya taɓa mini taru?" in ji ta,
har da ɗan tarin nan nasa na taba.
Tsigar jikina ta tashi.
Ba yau na san muryar surukina ba.

Fada Eleuterio ya zo da ruwan tsarki a gorar roba,
ya ce matacce ba ya dawowa, Shaiɗan ne ya ari murya.
Ya yi addu'a har maƙogwaronsa ya bushe.
Maza huɗu suka danne ta, ita da ba ta kai nauyin buhun shinkafa ba,
ta watsar da su kamar ƙaiƙayi.
Da safe na ga shatin yatsu a damtsenta.
Cikin yatsun nan har da nawa.

Tsohuwa Consolacion ta bayan gonar ayaba
ta ɗiga kyandir a kwanon ruwa, ta karanta abin da ya daskare.
Ta ce mutanen ɓoye ne, na gindin babbar bishiya,
an taka musu ƙofa ba sallama.
Muka yanka baƙar kaza.
Kazar ta yi daɗi. Muryar ba ta gusa ba.

Awa huɗu a mota zuwa Tacloban.
Likita Villaflor, yarinya ce, sa'ar 'yata ta fari,
ta ce, "Yaushe rabonta da barci?"
Muka dubi juna. Duk cikinmu ba wanda ya taɓa tambaya.
Ta ce ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce, tana targaɗe kamar ƙafa.
Na ce, "To ƙarfin fa? Maza huɗu fa!"
Ta ce tsoro yana da ƙarfin maza goma.
Na ce, "Tarin fa?"
Ta cire tabarau ta dube ni.
"Shekara goma sha ɗaya tana kwana gefen wannan tari.
Ina kake so ya je?"

Ƙwaya fara, ba ta fi tsabar shinkafa ba.
Mako uku, gidan ya yi tsit.
Fada ya ce addu'a ce ta ci.
Consolacion ta ce ai kaza ba ta faɗuwa banza.
Likita ta rubuta layi biyu a takarda, ta kira na gaba.

Ni kuwa na tarar da ƙanwata a bakin ruwa,
tarun a cinyarta, tana ɗinke inda ya yage.
Da muryarta ta kanta, siririya, ta ce,
"Yaya, teku ta ɗauke shi sau ɗaya.
Ku kun ɗauke shi na biyu."
Ban sami abin cewa ba. Na riƙe mata bakin zare.

Akwai abin da ban gaya wa likita ba.
A daren farko muryar ta ce a tona ƙarƙashin murhu.
Na tona. Gwangwanin madara, kuɗi a ciki, daidai bashin kasuwa.
Wataƙila ta sani tun yana raye,
mace ba ta rasa sanin maɓoyar mijinta.
Wataƙila.
Ban tambaye ta ba, kuma ba zan tambaya ba.

Kowane dare ina miƙa mata ƙwayar da kofin ruwa,
in tsaya sai na ga ta haɗiye.
Sannan in kunna kyandir a taga, ta wajen teku.
Fada ya ɗauka na Ubangiji ne.