Gado na Tara

Ranar Talata nakan rufe shago kafin la'asar,
in bar zare rataye a hancin allura,
in ɗura kunun gyaɗa a fulas,
in ratsa Sabon Gari da ƙafa har Asibitin Zana,
ɗakin masu tari,
inda ake ɗaure baki da ƙyalle, a gaisa da idanuwa.

Fasto ya ce mana, ku tafi da Kalma.
Na tafi da ita a jaka, ƙarƙashin soso da sabulu.
Wata huɗu ba ta fito ba.
Soso ne ya yi ta fitowa.

Gado na tara, Malam Tanimu,
shekara arba'in yana gyaran agogo a Bata.
Yanzu hannun ya tsotse
har nasa agogon kan zame ya tsaya a gwiwar hannu.
Ɗa ɗaya na Legas, ɗaya na Agadas,
waya ce kaɗai ke zuwa dubiya,
ita ma kullum cajinta na ƙarewa.

Sunana ya gagare shi. Afiniki, na ce.
Ya ce, 'Yar Sabon Gari ma ta isa.
Ran nan ina goge masa baya ya ce,
nawa suke biyan ki?
Na ce, ko sisi.
Ya ce, to bashin wa kike saukewa?

Ina da amsoshi, na haddace su tun ajin Lahadi,
jere kamar maɓallan riga.
Duk suka tsinke suka watse a siminti.
Na ce, Malam, na yi ɗa, Barnaba.
Yana shekara shida ya cika a hannuna,
tsakar dare, ana ruwa, ba wuta.
Na zagi sama a daren nan, ban rage ba.
Da zagin ya ƙare sai na tarar da Yesu a wurin, zaune,
bai ce mini yi shiru ba.
Ya san ƙishin mai mutuwa, shi ma ya sha shi.
Shi ya riƙe ni har gari ya waye.
Iyakar abin da na sani ke nan.
Ba talla na kawo ba,
ka tambaya ne nake faɗawa.

Ya yi tari mai tsawo, na tara masa gwangwani.
Ya ce, Annabi Isa namu ne mu ma,
amma ba yadda kike faɗa ba.
Na ce, na sani.
Ya ce, ba zan bi ki ba, 'yata.
Na ce, buɗe baki, kunun na hucewa.

Talata uku bayan nan ya daina haɗiya.
Da ƙyar na ji shi: gabas.
Gadon ƙarfe ne, ƙafa ɗaya ba taya.
Na kira Sagiru mai shara, muka ja tare, yana ƙara.
Sagiru ya jingine tsintsiya ya durƙusa,
yana laƙana masa kalmar shahada a kunne,
ni ina ɗiga masa ruwa da auduga a leɓe,
tawa addu'ar a can ƙasan maƙoshi.
Yadda biyun suka isa sama
ba ni aka ba aikin tantancewa.

Ran Lahadi aka raba mana takarda a coci:
rai nawa aka samu wannan wata?
Na daɗe riƙe da biro.
A wuyan hannuna akwai agogo, ya yi mini yawa,
nas ce ta miƙo mini shi a leda,
wai a ba 'Yar Sabon Gari.
Minti biyar yake gaba da na bango.
Ban gyara ba. Layin ma ban cike ba.

Gado na tara yanzu wata tsohuwa ce daga Rimin Kebe.
Ba ta son kunu.
Koko za a dama mata, da tsamiya, ba sukari.