Ƙarin Ruwan Kawu Sallau

Azumi ya kai takwas Tanimu ya same ni,
yana rawar jiki, bakinsa har kunne:
"Iya ƙarama, tashen bana ba gawayi,
ba gemun auduga, ba tulun ciki.
Kawu Sallau zan zama daren jibi."

Kawu Sallau tela ne a Ƙofar Marusa,
shi da barci sun raba jaha tun Sha'aban.
Kofi bakwai na gahawa kafin sahur,
baƙa wuluk, ba madara, ba siga.
Mai shayi ya gaji da aike,
ya ce gara ya maido teburinsa cikin shagon.

Na ce, "Yaro, mai sha irin wannan
kofi ya yi masa kaɗan.
Ƙarin ruwa za mu ɗaura masa irin na asibiti,
tana bin jijiya, ƙafa na kan keke."

Muka faɗa ɗakin shirgi.
Gindin fankar da ta mutu tun bara
muka soka wa sandar labule,
muka lanƙwasa waya ta zama ƙugiya.
Ledar ruwa kuwa sai da aka kira magariba
Tanimu ya huda kusurwa ya shanye.
Mati bakanike ya ba mu tiyon babur,
wanki uku da sabulu, bai daina warin fetur ba.

Gahawar gaske ta fi ƙarfin aljihuna,
na jiƙa tsamiya, na ƙona siga a ludayi,
ta yi baƙi har ni na fara yarda da ita.
Ɗurin farko ya tsiyaye kan tabarmar Goggo Ige,
kafin asuba tururuwa sun zo dubiya.
Ɗuri na biyu na liƙe da wutar kyandir,
na ƙone yatsa, ban ce uffan ba.

A bayan kwalin ashana na rubuta:
"Ɗigo sittin a minti.
Kada a cire sai an ga wata."

Saura idanu.
Murafen lemo biyu, farin fenti, ɗigon tawada,
a kan tabarau da ya rasa gilashi.
Yaro ya saka, ya rataya tef a wuya,
ya ƙura mini ido ba ƙiftawa
har dariya ta zaunar da ni a ƙasa.

Daren goma suka fita ta Rafindadi,
yara huɗu na jan sanda, gindin fanka na ƙara.
Tanimu na taka keken iska,
yana rantsuwa gobe-gobe za a karɓi ɗinki.
Mata na leƙe ta zaure, suna riƙe ciki,
wata ta ba su gero, ta ce nata tun Rajab ake goben.

Na bi su a baya har bakin shagon.
Kawu ya ɗago, jajayen idanu, zare a leɓe,
ya dubi yaro, ya dubi leda,
ya karanta kwalin har sau biyu.
Zuciyata ta ce yau mun taro faɗa.

Sai ya miƙa hannu ya kama tiyo, ya zuƙa.
Ya furzar. "Tsamiya! Da fetur!
Haka ake jinyar mutum a gidanku?"
Ya zazzage ledar a kwata,
ya ɗura ta gaske daga filas,
ya jawo sandar kusa da kekensa.

"Wannan ta zauna," in ji shi.
Tanimu ya ce, "Kawu, tashen bai ƙare ba."
Ya nuna tulin yadi da haɓa:
"Shaddarka ce ta arba'in da ɗaya.
Zaɓi, ko leda, ko rigar Sallah."

Muka dawo da idanu kawai da gero.
Goggo Ige na jira da tabarmarta.