Takardar Jikin Bishiya

Shekara uku ina birnin Nish,
hawa na huɗu, ƙofar hagu,
harshena yana aljihu, cikin waya.
In zan sayi burodi, in nuna da yatsa,
in zan biya, in buɗe tafin hannu
mai kanti ta tsinci kuɗinta.
Na ce ai ba zama na zo yi ba,
digiri zan karɓa in kama hanya.
Wa ke zuba siminti a gonar aro?

A ƙofar dama akwai tsofaffi biyu,
Zagorka da mijinta Vlastimir.
Shi ke tare ni a matakala,
ya yi ta zuba yana buga sanda,
ni kuwa sai kaɗa kai
kamar ƙadangare a kan katanga.
Kalma ɗaya na tsinta a bakinsa,
komshiya,
na ɗauka suna ne ya raɗa mini.

Wata Talata, sanyi ya fara cizo,
na ga takarda a jikin bishiyar ƙofar gida,
baƙin layi ya zagaye ta,
hoton saurayi da hular jirgin ƙasa,
gashin baki wuluk.
Ga haruffan nan nasu masu raina karatu,
ka ga P su ce ra ce, ka ga H su ce na ce.
Na ce ɗan takara ne, na wuce.

Kwana goma sha ɗaya ina wucewa.
Na haɗu da Zagorka cikin baƙaƙen kaya,
na washe mata haƙora.
Ta dube ni,
ta matsa gefe in wuce.

Yaron hawa na biyu ya gaya mini, da Turanci, yana cin tuffa.

Ni, ɗan gidan da ake rufe shago
a yi tafiyar yini don gaisuwar mutuwa!
Bango ɗaya tsakanina da makoki,
ina soya ƙwai, ina ihun ƙwallo.

Ashe su ma arba'in suke ƙirgawa.
Na lissafa abin da ya rage, na sayi littafi.
Suna ɗaya sai ya sauya riga bakwai,
cha biyu gare su, mai kauri da siririya,
kunnena bai raba su.
Na tuna yadda muke dariyar baƙo
in ya ce kasa yana nufin ƙasa.
Yau ni ne baƙon. A dara.

Ranar arba'in na ƙwanƙwasa.
Moye saucheshche, abin da na haddace ke nan,
amma harshe ya harɗe a tsakiya,
na tsaya riƙe da rabin ta'aziyya.
Ta ce, polako, sine,
a hankali, ɗana,
ta ƙarasa mini da bakinta.
Ta ba ni cokalin dafaffiyar alkama da sukari,
ta ja mini kujerar da ke kusa da taga.

Ta yi ta magana har fitilu suka kama.
Cikin kalma goma in cafke biyu:
jirgi, gwiwa, asibiti, Lahadi, kofi.
Lahadi, kofi. Ta maimaita tana nuna matakala.
Sai na gane.
Shekara uku dattijon yana gayyata ta kofi,
shekara uku ina kaɗa kai, to,
yana ɗora ruwa.

Komshiya kuwa, maƙwabci ke nan.
Ya ba ni matsayin tun ran farko,
ni ne ban san na karɓa ba.

Yanzu ba na wuce bishiya.
Ina tsayawa, jaka a kafaɗa,
in bi haruffa da yatsa kamar ɗan aji ɗaya,
sunan mamaci, shekarunsa, ƙarfe nawa za a kai shi,
in duba ko a layinmu ne.