Ɗaki Na Sha Huɗu

A ƙofar bayi na fara gamuwa da kalmar,
cikin jirgin ƙasa mai zuwa Grimsby:
vacant, da koren rubutu.
Na murɗa sakata, ta koma ja.
Na ce ashe kalmar makewayi ce,
na jefa ta aljihu tare da canji.

Sai ta riƙa bina.
Ga ta a tagar shagon da ya taɓa sayar da kifi,
wasiƙu sun taru a bayan ƙofa, ba mai ɗauka.
Ga 'yar'uwarta a allon gidan kula da tsofaffi,
ana neman mai aikin dare.
Ita ta ba ni abinci, ba zan yi mata butulci ba.

Amma ranar Laraba Sista Philippa ta rubuta ta
a takardar Beryl ta ɗaki na sha huɗu,
daidai layin da ake bayanin ido.
Na tsaya da tiren shayi a hannu.
Na ce, Sista, ba wannan ce ta ƙofar bayi ba?
Ta ce, ana faɗa wa kallo ma,
in mutum yana nan amma ba ya nan.
Ta wuce, takalminta na ƙara a kan leda.

Da na koma gida na zazzage Hausata a kan gado
ina tsince-tsince.
Wayam ta kasuwa ce bayan an watse.
Fanko na ashana ne, ka girgiza ka ji shiru.
Holoƙo hadarin kaka, ya haɗe rai bai zubar ba.
Kango ya riga ya fid da rai,
jinka ta rufta, ƙadangaru sun gaje shi.
Wofi kuwa zagi ne,
ba na kai shi ɗakin tsohuwa.

Shekara talatin Beryl ta yi tana feɗe kifi a bakin tashar ruwa.
Kanta ya manta, yatsunta ba su manta ba:
har yanzu sukan bi gefen bargo,
su tsaga, su juya, su ture gefe.

Na buɗe ƙamus a waya.
Kujera, in ji shi. Muƙami. Fili. Gidan haya.
Na daɗe ina kallonsu kafin na gane
duk jira suke yi.
Ba a faɗa wa tulun da ya fashe.
Ana faɗa wa abin da mai shi ya fita,
ko bai iso ba tukuna.
Gurbi ke nan, irin na kazar Inna Dudu a bayan rumbu,
ka sa hannu ka ji ɗumi,
uwar ta je kiwo.

Wata asuba ina gyara mata matashi
ta cafke wuyan hannuna.
Ta dube ni, ni ɗin, ba bangon da ke bayana ba,
ta ce, yarinya, hannunki ƙanƙara, ina safarki?
Kafin in haɗa Turancin amsa
mai ɗakin ta sake fita.

A Fabrairu ta tafi gaba ɗaya.
Ni na yaye zanin gado,
na zare katin sunanta daga ƙofa,
na zuba tabarau da haƙoran roba a jaka, ɗanta zai zo.
Philippa ta danna kalmar a kwamfuta
gefen lamba sha huɗu.
Ran Litinin wani zai iso da akwati.

Katifar ta lotsa ta wajen taga.
Na juya ta, kamar yadda aka koya mana,
amma sai da na fara sa hannu.