Turakun Bakin Tafki

Ranar Laraba suka zo daga Dutse, su uku, a farar mota.
Ɗaya na leƙen wani madubi mai ƙafa uku,
ɗaya na jan igiyar awo ta kan shanyar barkonon Tabawa.
Ba su yi sallama ba.
Kafin la'asar sai ga turakun siminti masu jajayen kawuna
daga gindin giginya har mashayar shanu.

Aka kafa allo da hoton bene,
wai masaukin baƙi, wai wurin shan iska,
har da kwamin wanka, ruwansa kamar an jiƙa bula.
Shan iska?
To mu da ke kwance a nan tun muna yawo ba wando,
hayaƙi muke sha?

A nan Barau ya koya min iyo,
ya jefa ni, na ƙoshi da ruwa, na fito ina zaginsa.
A nan ake buga tubali in rani ya tsaya,
yara su kafa raga da karan dawa.
Shekarar da gero ya ƙi, tarwaɗa ce ta riƙe mu.

Muka je sakatariya a bayan a-kori-kura,
mu arba'in da ɗaya,
takarda guda, kowa ya dangwala yatsa.
Wani mai babban tebur ya ce fili na gwamnati ne.
Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, yaushe gwamnati ta taɓa yashe shi?
Da ya ci ɗan Uwale, wa ya nutsa ya ɗauko gawar?"
Ya dubi agogo, ya ce a dawo Litinin.

Litinin huɗu ke nan.

Abin da ban faɗa a taro ba:
Talle, ɗana na biyu, shi suka ɗauka gadi.
Dubu talatin a wata, da tocila, da rigar ruwa.
In ya dawo da asuba ba ma haɗa ido.
Na san inda kuɗin maganin uwarsa ya fito.

Kwana tara katafila na bakin hanya, lulluɓe da tamfol.
Mu kuma kafin hantsi mun cika gaɓar:
wanki, shanya, dara, saƙar igiya.
Mai son tona ƙasar nan sai ya fara ɗaga tsofaffi.

Jiya da magariba Tabawa ta ɗaure akuyarta a turken farko.
Ta ce ai turke ne,
ba a kafa shi don ya zauna banza ba.
Talle na kallo daga rumfarsa.
Sai ya juya tocilarsa wajen ruwa.