Kunnen Dama

In za ki yi mini magana, ɗiyata, biyo ta dama.
Haka yakan ce.
Na hagun ya baro shi can sama,
ƙugin inji ya cinye shi tun ban yi wayo ba.
Duk asirin da na taɓa gaya wa Baba
sai da na zagaya kujerarsa.

Illa Neino, ɗan Jiratawa,
yaron da ake turawa kiwon jajayen awaki
ya dawo wuya a sanƙare don kallon shaho.
Kakata Hajjo ta ce sau uku awakin suka faɗa gyaɗar mutane,
sau uku aka ci ta tara,
shi kuwa yana gindin gawo, yana feƙe jirgi da karan dawa.
Ranar da aka ce ya tafi ƙasar ƙanƙara koyon tuƙi
ta ce, to madalla, ya aiko mini da kuɗin tarata daga can.

Mu ba mu taɓa ganin tashinsa ba.
Abin da muka sani, koriyar jaka a bakin ƙofa,
da Inna tana murɗa rediyo har dare ya raba,
da tuwon da take rufewa a kwanonsa,
ya kwana, ya zama ɗumame,
mu ci muna satar kallon fuskarta.

Da ya tuɓe kaki ya dawo Maradi, unguwar Bagalam,
bai taɓa hawa tsohon babur ɗinsa ba
sai ya zagaye shi, ya latsa taya, ya leƙa mai, ya ja birki.
Samari a majalisa suna dariya:
Kwamanda, kasuwa fa za ka, ba Bilma ba!
Ya ce, inda na yi aiki, yaro,
babu gefen hanya da za ka tsaya ka yi gyara.

Matan layinmu in sun yi shanya sai su aiko yara:
wai a tambayi Kwamanda, mu kwashe?
Ya ɗaga kai, ya kanne ido ɗaya.
Wanga hadari na Madarunfa ne, ku bar geronku ya sha rana.
Ranar da ya kuskure, ruwa ya jiƙe wa Tsahara tiya biyar,
shi ya ɗauki buhu da kansa ya kai mata har gida.

Sau ɗaya na tambaye shi labarin yaƙi.
Ta hagu na tsaya,
da gangan ne ko mantuwa, har yau ban sani ba.
Bai amsa ba.
Da asuba na jiyo shi bisa buzu
yana roƙa wa waɗansu da bai san sunansu ba:
Daga can sama, ya Rabbi, kowa tururuwa ne.
Kai ka san fuskokinsu.

Shekara ashirin da shida muna tsoron sama,
ashe ƙasa ce ke jiransa.
Bisa tabarma, ran Talata, gulbi ya kawo ruwa,
kwaɗi na ta kuka a fadama.
Na durƙusa ta dama na karanta masa kalmar shahada,
ya matse yatsana sau biyu,
yadda yakan yi in za mu tsallaka titi.

Hular jirginsa tana nan ɗakin Inna,
cikinta take ajiye irin zogale.
Ɗana Sabi'u ya zazzage shi jiya, ya kifa ta a ka,
ta rufe masa har hanci,
ya buɗe hannuwa, ya yi ta kewaya turmi.
Inna ta ɗauki tsintsiya za ta kore shi,
sai ta ajiye, ta zauna bakin murhu.

Ɗazu jirgi ya gifta ta kan makabarta.
Ban ɗaga kai ba, Baba.
Na dai tsinci kaina ina juya masa kunnen dama.